Wane Sanyin Ake Nufi?

Akwai ranar da na raka gwaggona asibiti. Tsohuwa ce da ta haura shekara 70, irin mutanen nan da ko ciwo ya ci ƙarfinsu sai an yi da gaske kafin su faɗa. Da muka shiga, likitan, wani matashi mai fara'a, ya gaishe ta ya ce, "Mama, me ke damun ki?" Ta ce, "Sanyi ne, ɗan nan. Ya hana ni sakat." Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama gane komai, ya jawo takarda, sannan ya rage murya ya ce, "Akwai ƙaiƙayi? Ruwa yana fita? Baba fa, shi ma yana jin wani abu?" Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki. "A'uzubillahi! Malam shekararsa 11 da rasuwa. Gwiwa nake gaya maka, yaro, gwiwa!"

Likita ya ba ta haƙuri, muka yi dariya, ya duba gwiwar ya tura mu ɗaukar hoto. Har yau jikoki na tsokanar ta da zancen. Ni dai bai wuce mini a matsayin raha kawai ba. Su biyun Hausa suka yi, kuma babu wanda ya yi kuskuren Hausa a cikinsu. Gwaggo ta faɗi sunan ciwonta yadda ta gada, likita ya ji shi yadda ya saba ji daga bakin matan da suka riga ta shiga. Abin da ya cece mu shi ne ya yi tambaya, tambayar ta yi karo da bango, kowa ya farka. To ina ga inda ba a tambaya? Inda mutum zai ce "sanyi", a miƙo masa ƙwayoyi ko jiƙo, ya karɓa ya tafi, kowa yana ganin an fahimci juna?

A ganina akwai cutarwa mai yawa da ke faruwa a daidai wannan gaɓar, inda mai ciwo da mai magani suka haɗu a kan kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi. Kuma nauyin warware wannan ƙulli yana kan wanda ya fi sani, ba kan wanda ya zo yana ɗingishi ba.

Tsaya ka ƙirga kayan da aka ɗora wa kalmar nan. Sanyi shi ne kishiyar zafi, wanda ke sa a nemi bargo. Wanda ya tashi da atishawa da yoyon hanci, sanyi ne ya kama shi. Yaron da ke numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, sanyi ne ya shige masa ƙirji. Tsohon da gaɓoɓinsa ke ƙara in ya miƙe, sanyin ƙashi. Macen da ke fama da ƙaiƙayi ko fitar ruwa, sanyin mara. Namijin da fitsari ke yi wa zafi yana ganin mugunya, ciwon sanyi. Wanda ƙarfinsa ya ragu a shimfiɗa, a ce sanyi ne ya yi masa yawa. Wadda ta daɗe ba haihuwa, sanyi ne ya toshe mata mahaifa. Ka fita daga fagen cuta kuma, sai kalmar ta juya ta zama alheri: mai sanyin hali abin yabo ne, ɗa nagari sanyin idaniya ne, wanda aka yi wa albishir ya ji sanyi a ransa. Mai zazzaɓi in jikinsa ya yi sanyi murna ake yi. Mai lafiya in jikinsa ya yi sanyi, mugun labari ya ji.

Wannan tarin ma'ana ba jahilci ne ya haife shi ba. Irin wannan tunanin ne ya mulki likitancin duniya na kusan shekara 2,000. Tun daga Hippocrates na Girka, zuwa Galen da Larabawa ke kira Jalinus a ƙarni na 2, zuwa Ibn Sina da ya kammala babban kundinsa na likitanci a 1025, kundin da jami'o'in Turai suka yi ta koyarwa har cikin ƙarni na 17, ana kallon jiki ne a matsayin ma'auni tsakanin zafi da sanyi, danshi da bushewa. Lafiya ita ce daidaito, cuta kuwa rinjayen ɓangare ɗaya. In ka yarda da haka, ba abin mamaki ba ne ka zuba majina da farin ruwa da ciwon gaɓoɓi da kasala a ƙwarya ɗaya, domin dukkansu abubuwa ne masu danshi, masu nauyi, masu jan jiki, kuma abu mai ɗumi ake nema musu. Mai maganin gargajiya na asali in ya ce "sanyi", ba sunan wata ƙwayar cuta yake faɗa ba. Yana faɗin inda yake ganin ma'aunin ya karkata ne, da inda zai tura shi ya dawo.

Bature ma bai tsira ba. Har gobe sunan da yake kiran mura da shi ma'anarsa sanyi. A Ingila, a wata cibiyar binciken mura da aka buɗe a Salisbury a 1946, har jiƙa masu sa kai aka yi, aka tsayar da su inda iska ke kaɗawa, aka bar su da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa, don a ga ko sanyi shi kaɗai zai kawo mura. Bai kawo ba, sai in an ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci. Amma kada a yi saurin yi wa magabata dariya, idonsu bai yi musu ƙarya ba. Mura ta fi yawa lokacin sanyi, lokacin da mutane ke cunkushewa a ɗaki a rufe tagogi. Sanyi yana tayar wa mai sikila ciwonsa, yana tayar wa mai asma tarinsa. An ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, to da wannan hukuncin aka kama sanyi.

A ƙarshen ƙarni na 19 likitan asibiti ya sauya tambaya. Da ana tambayar me mutum yake ji, sai aka koma tambayar wace halitta ce ta shige shi. A 1879 Albert Neisser, Bajamushe, ya ga ƙwayar gonoriya a madubin likita. A 1880 Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar maleriya a jinin majinyaci. A 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka, a 1897 Ronald Ross a Indiya ya kama ƙwayar maleriya a cikin cikin sauro. Abin dariyar shi ne sunayen da suka riƙe suna ɗauke da tsohon kuskure. Maleriya daga Italiyanci take, ma'anarta mugunyar iska, don an zaci tururin fadama ke kawo ta. Gonoriya daga Girkanci take, ma'anarta kwararar maniyyi, don an ɗauki mugunyar a matsayin maniyyi. Kafin Philippe Ricord ya raba su a 1838, likitocin Turai da yawa sun ɗauki gonoriya da tunjere cuta ɗaya. Sai dai su sun kwashe tsohuwar ma'anar daga cikin sunan, suka bar fanko, suka cusa masa ma'ana ɗaya tak. Likitan da ya ce maleriya yau ko kusa iska ba ta zo masa a rai. Ita kuwa "sanyi" tana nan da ranta, da ita ake gaisuwar safe, don haka duk sabon kayan da aka ɗora mata tsofaffin ba sa sauka.

Mutanen Sin sun san wannan matsalar. Wajen shekara ta 200 wani likitansu, Zhang Zhongjing, ya yi rubutu a kan wani rukunin cututtuka masu zazzaɓi da ya kira shanghan, wato illar sanyi, kuma masu maganin gargajiyarsu na karanta shi har yau. Da likitancin zamani ya shiga ƙasar ana neman sunan da za a ba taifot, sai aka ɗauko kalmar nan aka liƙa mata. Yanzu shanghan a bakin mai gargajiya gungun ciwuka ne, a bakin likitan asibiti kuwa cuta ɗaya ce da bakteriya ɗaya ke haddasawa ta gurɓataccen ruwa. Kusan abin da ya faru da mu ke nan ranar da aka fassara gonoriya da "ciwon sanyi".

Ɗauki abin da ake kira sanyin mata, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. Wani ruwan da mace ke gani ba cuta ba ne sam, halitta ce, yana ƙaruwa yana raguwa da zagayowar wata, yana ƙaruwa in tana da juna biyu. Wani kuma wata ƙwaya ce dangin funfuna, mai sa ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, wadda dama tana zaune a jiki, sarari kawai take jira ta yaɗu, kuma masu ciwon suga sun fi shan wahalarta. Wani rikicewa ce ta bakteriyar da ke gadin wurin, mai zuwa da ƙarni. Wani ciwon mafitsara ne, wanda galibi bakteriyar hanjin mutum ce ke ɓatan hanya ta haddasa shi. Wani gonoriya ne ko kilamidiya, waɗanda ta saduwa ake ɗaukar su, kuma in ba a yi wa mutum biyun magani tare ba tufka da warwara ake yi. Wani kuma, Allah ya tsare, sankarar bakin mahaifa ce ta fara magana da ruwa mai wari da ɗigon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 660,000 ne suka kamu da ita a 2022, kimanin 350,000 suka rasu.

Yanzu ka ba dukkan waɗannan mata magani ɗaya, tunda sunan ciwonsu ɗaya. Mai funfuna in ta sha antibayotik ciwon ƙaruwa yake yi, saboda maganin yana kashe bakteriyar da ke taka wa funfunar birki. Sai ta ce sanyin nata mai taurin kai ne, ta ƙaro wani, a yi ta zagaye. Wadda lafiyarta ƙalau sai ta shekara tana wanke-wanke da cushe-cushe har ta jawo wa kanta ciwon da da ba ta da shi. Mai sankara tana asarar watannin da su ne kaɗai jarinta. Mai gonoriya kuwa in ya sha kafso biyu ya ga mugunya ta tsaya ya ajiye sauran, horar da ƙwayar ya yi. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel: maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jure masa. Gonoriya ta ɗauki darasin da kyau. Ta gagari magungunan salfa, ta gagari penisilin, ta gagari tetracycline, ta gagari ciprofloxacin. Allurar ceftriaxone ce babban abin dogaro yanzu, kuma a 2018 an samu wani mutum a Ingila da ƙwayarsa ta bijire mata tare da maganin da ake haɗa ta da shi. Cuta ce da aka ƙiyasta ta kama mutum miliyan 82 a 2020 kaɗai. In ka haɗa dukkan bakteriyar da suka daina jin magani, an lissafa mutuwar mutum miliyan 1.27 a wuyansu a 2019.

Na yara ya fi taɓa ni. Uwar da aka gaya wa sanyi ne ya shiga ƙirjin ɗanta za ta naɗe shi da zane, ta shafa masa mai ɗumi, ta rufe taga. Wa zai kira wannan sakaci? Biyayya ta yi wa kalmar, domin maganin sanyi ɗumi ne. Amma in limoniya ce, huhun yaron ne ke cika da ruwa da mugunya, kuma saurin numfashi da lotsawar haƙarƙari ƙararrawa ce ta a ruga asibiti a ranar. A 2019 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya. Haka yaron da ke kwana kuka da ciwon hannu da ƙafa duk lokacin sanyi, a yi ta cewa sanyin ƙashi ne, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna sikila ce.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta jiki ba. Likita ya ce wa mace "sanyi ne", yana nufin ciwon mafitsara. Ta koma gida ta faɗa wa maigida, shi kuma kunnensa ya jiyo masa cutar da ake ɗaukowa a waje. Zargi ya shigo gidan da ba a yi laifin komai ba. Ko kuma a juya: likita yana nufin gonoriya, ita ta ji cewa zama a sanyin ƙasa ne ko banɗakin haya ya jawo mata, ta shanye maganinta tsaf, maigida bai sha komai ba, bayan wata ɗaya ciwo ya dawo sabo.

Kada wani ya ce wannan rauni ne na Hausa. A 1980, a jihar Fulorida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka ce yana intoxicado, wanda a bakinsu yake nufin ya ci ko ya sha wani abu da ya ɓata masa jiki. Aka fassara wa likitoci da kalmar Ingilishi mai kama da ita, wadda ke nufin maye. Aka bi shi da jinyar wanda ya sha ƙwaya ta yi masa yawa, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga hannuwa da ƙafafu sun shanye, aka ƙare da biyan diyyar dala miliyan 71. A Beljiyam kuma, farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Brussels ya riƙa ba wa mata haɗin da ya kamata ya ƙunshi wata saiwar Sin mai suna fang ji. Ashe tsirrai daban-daban ne ke amsa wannan sunan, aka kawo wanda ke ɗauke da gubar da ke cinye ƙoda. Mata sama da 100 suka samu ciwon ƙoda, da yawa suka ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu sankarar hanyar fitsari ta biyo baya. Nan ba sunan cuta ne ya yi harshen damo ba, sunan maganin ne. Duk wanda ya san yadda itace ɗaya ke da suna uku, suna ɗaya kuma ke kan itace uku, ya san ba mu fi ƙarfin irin wannan ba.

To laifin wa? Ba na mai ciwo ba ne, kuma a nan zan tsaya wa kalmar. "Sanyi" mayafi ce. Macen da ba za ta iya buɗe baki ta ambaci al'aurarta a gaban namiji baƙo ba, da wannan kalmar take samun ƙofar shiga. Dattijon da kunya ba za ta bar shi ya ce ya kasa a shimfiɗa ba, da ita yake kewayawa. Masu cewa a wayar da kan jama'a su daina faɗin "sanyi" ba su lura da abin da za su samu in sun yi nasara ba: shiru. Mutane ba za su koma faɗin kilamidiya ba, daina zuwa za su yi. Kalmar ta yi aikinta tunda ta kawo mai ciwo har kujerar likita. Daga nan aikin na wani ne.

Ba kuma zan ɗora wa tsohon mai magani na gaskiya ba, wanda ya gaji sana'ar, yake duban mutum, yake tambaya, kuma yake iya cewa "wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti". Irinsu suna nan, kuma a tsarinsu kalmar tana da iyaka. Wanda nake tuhuma shi ne ɗan kasuwar da ya gane cewa faɗin kalmar shi ne jarinsa. Ka saurare shi a lasifika, ko a rediyo, ko a Facebook da TikTok: ciwon baya, kasala, ƙaiƙayi, yawan fitsari, ƙurajen fuska, rashin haihuwa, saurin gajiya, duk sanyi ne, ga kwalba ɗaya. Wane baligi ne ba ya ciwon baya wani lokaci? Ya shimfiɗa tarun da babu kifin da zai tsallake. Kuma shi ba ɗan gargajiya ba ne ba ɗan zamani ba, jemage ne. Yana aro "infekshan" da "sitaf", sunan wata bakteriya, daga bakin likita don ya yi kwarjini, yana aro "sanyi" daga bakin kaka don a saki jiki da shi, ba ya ɗaukar nauyin ko ɗaya. Ba zai gaya maka cewa kusan mutum ɗaya cikin uku masu ƙoshin lafiya na yawo da wannan sitaf ɗin a hancinsu ba tare da ta yi musu komai ba.

Sai dai laifi tudu ne. Ma'aikatan asibiti su ma suna da nasu sanyin, sunansa "infekshan". "Hajiya, kina da infekshan, ga magani." Wanne? A ina? Daga ina ya zo? Maigida zai sha ko ba zai sha ba? Kalma ce da ta rufe komai daga ƙurji zuwa sanƙarau, kuma a kunnen mai ciwo an riga an fassara ta: infekshan shi ne sanyi, sanyi shi ne infekshan. An tashi daga duhu ɗaya an shiga wani, sai dai na biyun yana sanye da farar riga. Wanda ya yi shekara shida ko fiye yana koyon bambance cututtuka, in ya dunƙule su a kalma ɗaya don ya sallami layi, ya sauko daidai inda mai lasifika yake tsaye. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Na san amsar da za a ba ni: likita ɗaya, majinyata ɗari, ina lokacin darasin harshe? Uzurin yana da ƙarfi, ban raina shi ba. Amma abin da ake nema bai kai minti biyu ba. A ina kike jin sa, nuna mini da hannu. Tun yaushe. Me kika gani da idonki. In an gama kuma, tambaya ɗaya kafin a tashi: in kin koma gida aka tambaye ki me likita ya ce, me za ki ce? Amsar wannan ita ke nuna ko magana ta isa ko a hanya ta zube. Minti biyun nan sun fi arha a kan dawowa sau huɗu da ciwo ɗaya. Shi ma mai sayar da magani, na kanti ne ko na gargajiya, bai kamata hannunsa ya kai kan antibayotik don kawai an furta masa kalma ba. Hukumomin da ke tantance tallar magani kuwa, a ko'ina suke, da za su kafa sharaɗi ɗaya, cewa duk mai tallar maganin sanyi ya faɗi wane sanyin, da rabin tallar ta mutu da kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wata dabara da ta burge ni, ko da yake ta sha suka a kanta. A sabon kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ta ƙara babi na 26 don sunayen ciwuka na likitancin gargajiyar da ya samo asali daga Sin, wanda ake yi har a Japan da Koriya. Masu suka sun ce wannan ɗaure wa abin da ba a tabbatar ba gindi ne. Hukumar ta ce ba amincewa da ingancin magungunan ta yi ba, hanya ce ta rubuta suna biyu gefe da gefe, abin da mai gargajiya ya kira ciwon da abin da asibiti ya gano, don a iya ƙirgawa a kwatanta. Ni wannan rubutu gefe da gefe shi nake kwaɗayi. Da za a riƙa rubuta kalmar da majinyaci ya shigo da ita kusa da abin da gwaji ya nuna, bayan 'yan shekaru da mun san, da alƙaluma, me "sanyi" ke zama in an buɗe ta, kuma da ɗaliban likitanci sun samu abin karantawa da ya fi zato.

Ba "sanyi" kaɗai ba ce, don kada a ce na sa mata ido. "Shawara", ban da wadda ake nema wurin manya, tana nufin rawayar ido ta jariri, tana nufin ta mai ciwon hanta, tana nufin zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa wanda ake yi wa rigakafi. Rawayar ido alama ce, maleriya da sikila ma suna kawo ta. Uban da aka ce an yi wa ɗansa allurar shawara yana iya tafiya da tabbacin an kare shi daga ciwon hanta, alhali allurar wannan daban ce. Jaririn da shawararsa ta yi tsanani kuma hasken fitila na musamman yake bukata cikin gaggawa, kafin abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Haka "hawan jini" da "ƙarancin jini": kunne yana jin su kamar kishiyoyi, har mutum ya ce ta yaya jininsa zai hau bayan an ce bai da jini, alhali ɗaya ƙarfin bugun jini ne a jijiya, ɗayan ƙarancin jajayen ƙwayoyinsa, kuma suna haɗuwa a jiki ɗaya.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne harshen ya taɓa yin wannan aikin ya kuma yi shi da kyau. "Zazzaɓi" ma da faɗi gare ta kamar "sanyi". Wani ya zauna ya ƙara mata kalma biyu, ta zama zazzaɓin cizon sauro, suna mai ɗauke da sanadinsa a goshi, wanda ya fi na Turawan gaskiya tunda nasu har yanzu iska yake zargi. Duk wanda ya furta shi ya riga ya san amfanin gidan sauro. "Cuta mai karya garkuwar jiki" ma haka, ta bayyana aikin cutar a numfashi ɗaya. Likitoci masu jin Hausa da masu fassarar labarai da malaman harshe su ne suka iya wannan, kuma ragowar aikin a ƙarƙashin "sanyi" yake jibge.

In da ni za a tambaya da wacce za a fara, kilamidiya zan ce. An ƙiyasta ta kama mutum kusan miliyan 129 a 2020, fiye da gonoriya, kuma yawancin masu ita ba sa jin komai: ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwan da zai sa mace ta ce tana da sanyi ta nemi magani. A ɓoye take haurawa ta yi tabo a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Sai an shekara biyar ana jiran haihuwa, an gaji da zagaye, wata tsohuwa ta dubi matar ta ce sanyi ne ya toshe mata mahaifa. A nan kam kalmar ta kusa faɗin gaskiya, sai dai ta iso bayan ƙwayar ta gama aikinta. Maganin da zai kashe ta tun farko na kwana 7 ne.